Lafiyar da ta ɓata mana bincike: lamarin ƙwayoyin E. coli marasa PriA a Yamai

Ranar da na dawo daga Tawa, ko jaka ban ajiye ba ɗalibata ta tare ni a bakin ƙofar labo, farantin Petri a hannu, fuska cike da fara'a. "Malam, barka da hanya. Ƙwayoyinmu fa sun warke." Na karɓi farantin na ɗaga shi wajen taga. Koloni ne, wato tarin bakteriya da suka tsiro wuri ɗaya, manya-manya masu sheƙi, kowane ya kusa ƙwayar dawa, irin waɗanda ake nuna wa ƴan shekarar farko a ce musu ga yadda aiki mai kyau yake. Gabana ya faɗi. Ƙwayoyin bakteriyar E. coli da na bar mata mako 3 da suka wuce ba su da halin yin wannan kyau, don da gangan aka cire musu abin da ake yin kyau da shi.

Na ga ya dace in rubuta yadda abin ya faru tun daga tushe, saboda duk mai riƙon ƙwayoyin da aka nakasa, a gari mai zafi da yankewar kuran irin namu, zai iya faɗawa wannan rami. Laifin kuwa nawa ne kafin ya zama na kowa.

Abin da aka aiko mana

Ɗalibar ƴar Adar ce, tana aikin digirinta na biyu a hannuna. Tambayar da muka ɗora mata mai sauƙin faɗi ce: in an raunata DNA ɗin bakteriya, wato kundin gadonta, wanda a aji muke kira ADN, da hasken UV, wanda ido ba ya gani, ko da ɗan maganin kashe bakteriya siprofuloksasin da bai kai na kisa ba, wace wahala rashin furotin PriA ke ƙara mata? Ba haka kawai muka zaɓi maganin ba. Shi ne wanda ake saye ƙwaya biyu ƙwaya uku a tiren masu talla, a sha a bari da zarar ciki ya lafa, don haka sanin yadda bakteriya ke farfaɗowa daga dukansa ya shafe mu kai tsaye.

Wani abokin aiki a ƙetare ya aiko mana da iri biyu na E. coli K-12, irin nan na labo da aka ware tun 1922 a Kaliforniya, wanda ba ya sa cuta. Na farko lafiyayye ne. Na biyu an soke masa gurbin priA, wato jerin haruffan da ke ɗauke da umurnin ƙera furotin ɗin, aka cusa masa a tsakiya wani gurbi mai sa shi jure wa maganin kanamisin don a riƙa gane shi. Tare da saƙon akwai ƴar takarda: a reni na biyun a kan abinci mara maiƙo, wato M9 da gulukos, kada a ba shi LB, wanda shi ne mai maiƙon, kuma a daskarar da shi cikin giliserol tun ranar farko.

Mun bi umurnin. Sai da muka jira kwana 2 a zafin digiri 37 kafin wasu ƴan ɗigo kamar kan allura su bayyana. A ƙarƙashin madubin hangen ƙwayoyi, maimakon gajerun sanduna da aka san E. coli da su, da yawansu sun miƙe zarara kamar taliya. Gwajin UV na farko ya fito yadda ake so: hasken da lafiyayyen ya shanye ya tashi, shi ya share nakasasshen daga faranti.

Ana haka aka yi mini rasuwa a Tawa. Watan Afrilu ne, Yamai ta ɗau wuta, kuran na zuwa yana tafiya. Injin da ke tallafa mana ya tsaya kwana 2, firiza ta narke, abin da muka daskarar ya lalace. M9 ɗin da na haɗa ya ƙare, makullin kabad ɗin da gishirin haɗa shi ke ciki kuwa yana aljihuna a Tawa. Ta kira ni ina tsakiyar karɓar gaisuwa, na ce mata a gaggauce, "Ɗiyata, yi duk yadda za ki yi, kada dai su mutu." Ta yi. Ta mayar da su kan LB mai kanamisin, duk bayan kwana 2 ko 3 ta sake musu faranti, kuma kowane karo ta zaɓi kolonin da ya fi girma da keɓewa, kamar yadda ni da bakina na koya mata a shekarar farko. Da ta ga sun murmure sai ta ci gaba da gwaji. Sau 3 ta maimaita, sau 3 nakasasshen ya jure wa UV kusan kamar lafiyayyen.

Zato biyar

Mun zauna muka jera abin da zai iya jawo haka. Ko wata baƙuwar ƙwaya ta faɗo faranti ta mamaye shi, abin da ƙurar Yamai ba ta raina ba. Ko an yi musanyar suna tsakanin iri biyun. Ko gurbin priA ya koma yadda yake. Ko fitilar UV ta tsufa ba ta cizo. Ko kuma na biyar, wanda na ajiye a raina ban faɗa ba tukuna.

Huɗun farko ba su ɗauke mu mako guda ba. Rinin Gram da ƴan gwaje-gwajen da aka saba suka ce E. coli ce. Tana tsirowa a kan kanamisin, lafiyayyen kuwa ba ya tsirowa, musanya ta fita ke nan. Muka yi PCR, gwajin da ke kwafo yanki ɗaya na DNA har a iya auna tsawonsa, a kan gurbin priA, yankin ya fito dogo, tsawon gurbi mai cushe a ciki: har yanzu a soke yake. Batun fitila kuwa sa'a ce ta warware shi. A can ƙasan firigo muka tsinci tsohon farantin M9 na makon farko, ya fara bushewa, ƴan ɗigon suna nan. Muka farfaɗo da su, muka sa su ƙarƙashin fitila ɗaya da manyan, rana ɗaya, tazara ɗaya. Ƙananan suka mutu, manyan suka tashi. A madubi ma haka: ƙananan taliya, manyan gajerun sanduna tsaf.

Ga ƙwaya ba ta da PriA, tana kuma rayuwa kamar mai shi. Ɗalibar ta dube ni ta ce, "To Malam, in babu shi ma sunka tashi, mine ne amfaninshi?" Amsar wannan tambaya ita ce zato na biyar, kuma ba ta fahimtuwa sai an san aikin da PriA ke yi da waɗanda yake yin sa tare da su.

Motar da ta mutu a daji

DNA ɗin E. coli zobe ɗaya ne mai haruffa kusan miliyan 4.6, sili biyu a tufke kamar igiyar guga. Kwafinsa daga wuri ɗaya tak yake farawa, ana ce masa oriC. A nan furotin DnaA ke taruwa ya ɓare bakin tufkar. DnaC ya ɗauko DnaB, wani zobe mai gaɓa 6, ya ɓalle shi ya zura shi a sili ɗaya ya sake shi. DnaB ne mai warwara: yana gudu a gaba yana raba silin biyu, DnaG na dasa ƴan guntayen farawa, folimeras ta uku na rubuta sababbin sili a kan tsofaffin, ɗaya ana ce masa silin gaba, ɗaya silin baya. Inda tufkar ta rabu biyu yana kama da gwafa, haka zan riƙa kiran sa. Gwafa biyu ke tashi daga oriC, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace na cin haruffa wajen 1000 a daƙiƙa, su haɗu a ɗaya gefen zoben bayan minti 40.

Hanyar ba ta injin kwafi kaɗai ba ce. A kanta RNA folimeras ke tafe tana karanta gurabe, kuma tafiyarta ta jaki ce in an gwada da gudunsa. Akwai furotin da ke maƙale a kan DNA. Hasken UV na manne haruffan T biyu da ke maƙwabtaka. In sili ɗaya ya tsinke gwafa ta iso wurin, hannunta guda sai ya ɓalle gaba ɗaya. Siprofuloksasin kuwa yana cafke furotin jiras da ɗan'uwansa topo na huɗu daidai lokacin da suka yanke DNA don sassauta murɗewarsa, ya hana su ɗinke abin da suka yanke. Akwai masu share hanya, Rep da UvrD, suna ture abin da za su iya turewa. Duk da haka wani lokaci injin na wargajewa, DnaB ya faɗi daga silin.

Ɗalibaina na ba su misali da motar da ta yi lodi a tashar Wadata. A tasha akwai ɗan kamasho, akwai layi, akwai takarda, ba mai tashi sai an sallame shi. DnaA ɗan kamashon tasha ne: oriC kaɗai ya sani, kuma ƙwaya na ɗaure masa hannu da gangan don kada ya sallami mota sau biyu a zagaye ɗaya. To motar ta mutu tsakanin Doso da Dogon Dutsi. Ɗan kamasho ba ya bin mota daji. Ɗaya gwafar ma ba za ta zagayo ta ƙarasa aikin ƴar'uwarta ba, don furotin Tus na zaune a wuraren da ake kira Ter yana tare duk gwafar da ta nemi wuce mahaɗa. DNA da ba a gama kwafinsa ba kuwa ba ya rabuwa biyu, ƙwayar ta mutu ke nan. Dole a sami mai mayar da DnaB kan sili a tsakiyar daji, a inda ya dace kawai.

Yadda aka gano masu wannan aiki yana ba ni dariya, don ba su ake nema ba. A shekarun 1970 ɗakin binciken Arthur Kornberg a Stanford da na Jerard Hurwitz a New York suna nazarin wani ɗan ƙaramin bairos mai kama bakteriya, φX174, mai haruffa 5386. Suka ware furotin ɗin E. coli da bairos ɗin ke arowa don kwafin kansa, ɗakin Kornberg ya lanƙaya musu sunayen wucin gadi, n da n′ da n″ da i, waɗanda daga baya suka zama PriB da PriA da PriC da DnaT. An ɗauka su ne ke dasa guntayen farawa a kwafin DNA ɗin ƙwayar na yau da kullum. Sai aka haɗa kwafi daga oriC a cikin kwalba ya tashi ba tare da su ba. A 1991 kuma ɗakin Kornberg da na Kenneth Marians, kowa daban, suka soke priA, ƙwayar ta rayu amma a galabaice, irin galabaitar da muka gani a makon farko. Aikin Tokio Kogoma da na Marians da na Steven Sandler a shekarun da suka biyo baya ne ya nuna cewa makanikan daji ne, bairos ɗin kawai ya iya kwaikwayon mota da ta mutu don su zo su tayar da shi.

PriA, mai amino asid 732, wato tubalan da ake gina furotin da su, shi ke fara isowa. Ba jerin haruffa yake karantawa kamar DnaA ba, siffa yake dubawa: gwafa mai hannu uku da aka yasar. A kansa akwai wani aljihu da ke laluben bakin sabon silin gaba, wanda ake kira bakin 3′, ya kama shi in yana kusa da mararraba. Kafin ya iso ma an riga shi: duk inda sili ya zauna shi kaɗai, furotin SSB mai gaɓa 4 na naɗe shi don kada ya lalace. Kariya ce, amma shinge ce kuma, don DnaC na asali ba ya iya ɗora DnaB a silin da SSB ya rufe. SSB na da ƴar wutsiya mai lilo da ke ƙarewa da amino asid kaɗan masu tsami, kuma furotin fiye da dozin ne ke kama ta. PriA na cikinsu. A 2014 ɗakin James Keck a Jami'ar Wisconsin ya fitar da siffar PriA na ƙwayar Klebsiella pneumoniae, ya kuma nuna cewa in PriA ya riƙe wutsiyar, SSB na sassauta naɗinsa daga haruffa 65 zuwa 35, wani yanki na silin ya fito fili. In kuma sabon silin baya ne ya toshe wurin, PriA da kansa mai warwara ne, yana ƙona ATP, makamashin ƙwaya, ya ɓare shi. Abin mamaki, in an kashe masa wannan ƙarfin warwara kaɗai, ta sauya amino asid na 230, ƙwayar kusan lafiya lau take. Riƙon gwafa da kiran na gaba su ne jigon aikinsa.

Daga nan sai miƙa hannu. PriB, mai gaɓa 2 da ke kama da ɗan'uwan SSB a siffa, yana zuwa ya kama PriA da silin tare, ya ƙara wa PriA kuzarin warwara. A 2023 ɗakin Keck ya ɗauko hoton PriA da PriB a kan gwafa da na'urar hange ta elektiron mai daskarar da samfur. Hoton ya nuna cewa wani sashen PriA mai riƙe da zinki 2 yana juyawa da zarar furotin ɗin ya hau gwafa, ya buɗe kafar da silin baya ke ratsawa, ya kuma fito da fuskar da PriB ke sauka a kai. Wato PriA da ke yawo hannu sake ba ya iya kiran PriB, sai wanda ya riga ya tabbatar da cewa gwafa ce ta gaske. DnaT ya zo na uku, ya kama PriB, ya sa shi ya saki silin. A wannan fili da aka share ne DnaC ke sauke DnaB. Da zobe ya hau, DnaG da folimeras su biyo, mota ta tashi. Kowane ɗaya ba ya saki sai na bayansa ya karɓa, kuma kowane karɓa tamkar sa hannu ne a takarda.

Akwai ƙaramar hanya ta biyu. PriC ma yana kama wutsiyar SSB, yana kuma magana da DnaB kai tsaye. Heller da Marians sun nuna a 2005 cewa shi ya fi son gwafar da sabon silin gabanta ya tsaya can baya ya bar giɓi, wadda aljihun PriA ba ya kai wa ga bakinta, Rep kuwa ke share masa fili. Abin da PriC ba ya iya yi shi ne tayar da gwafar da hannunta ya ɓalle. Irin wannan sai furotin RecBCD ya gyara bakin karayar, furotin RecA ya soka shi cikin ɗaya kwafin ya yi wani madauki, a kan madaukin kuma PriA ne ke iya ɗora zobe. Shi ya sa lissafin soke-soke ya fito yadda Sandler ya tsara shi a 2000: soke priB kaɗai ko priC kaɗai, ƙwaya ba ta ko ji, soke su tare, ta kusa mutuwa, soke priA, tana raye da ƙyar a kan PriC da Rep, haɗa sokewar priA da ta priC ko ta rep, babu rai. Ba kowace bakteriya ke da wannan ayari cif ba. Ƙwayar ciwon sanyi, ƴar'uwar ta sanƙarau, tana da PriA da PriB amma ba a samu DnaT ko PriC a cikinta ba, Bacillus subtilis kuwa wasu furotin daban ke bin bayan PriA ɗinta. PriA ne aka fi tararwa ko'ina.

Da wannan, alamomin makon farko suka bayyana kansu. Gwafar da aka yasar na barin sili a buɗe, RecA ya hau, ya sa LexA ya yanke kansa, ƙararrawar gaggawa da ake kira SOS ta tashi. Cikin abin da ƙararrawar ke saki akwai SulA, mai hana FtsZ ɗaura ɗamarar da ke raba ƙwaya biyu. Ƙwaya ta yi ta tsawo ba ta rabu ba, ga taliyarmu. Hanin LB ma ga dalilinsa. A kan abinci mai maiƙo E. coli na rabuwa duk minti 20, alhali kwafi na cin minti 40, don haka tana fara sabon zagaye kafin tsohon ya ƙare, gwafa ta hau kan gwafa. A lokacin kuma gurabe 7 masu ƙera RNA na ribozom, injin haɗa furotin, sun cika maƙil da folimeras. Motoci sun yi yawa, hanya ta cushe, makanike ba ya nan. Abincin da ke ƙara wa mai lafiya ƙiba shi ke ƙarasa mara PriA.

Harafi ɗaya a dnaC

Zatona na biyar ba basirata ba ce, abu ne sananne tun 1996. A shekarar Sandler, yana ɗakin John Clark a Berkeley, ya bi diddigin irin waɗannan manyan koloni da ke ɓullowa cikin marasa PriA, ya tarar da canjin a gurbin dnaC. Wanda ya fi suna, dnaC809, amino asid ɗaya ne ya sauya, na 176, daga gulutamat zuwa gilisin. A 2000 Xu da Marians suka gwada furotin mai wannan sauyi a kwalba, suka ga yana ɗora DnaB a silin da SSB ya rufe, ba PriA, ba PriB, ba DnaT. Ɗan dakon da a da sai an share masa wuri an sa masa hannu, yanzu ya koyi sauke kaya da kansa.

Muka yi PCR a kan dnaC daga manyan koloni da ƙanana da lafiyayyen iri, muka aika waje a karanta jerin haruffan, don ba mu da na'urar. Jiran ya fi aikin tsawo. Da sakamako ya dawo, ƙananan da lafiyayyen sun yi daidai harafi da harafi. Manyan kuwa duka suna da bambancin harafi ɗaya, wuri ɗaya, mai sauya amino asid guda. Duka wuri ɗaya, wato jikokin ƙwaya ɗaya ne, wadda hannun ɗalibar ya ɗauko ranar da ta fara hango koloni mai ɗan jiki a cikin ƴan ɗigo.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Amma Malam, cikin harafi miliyan huɗu da wani abu, ya za a yi kuskure ya faɗa daidai inda ake bukata, cikin sati uku?" Na ba ta alli. E. coli na yin kuskuren harafi ɗaya a kusan kowace rabuwa 1000. Kwalbar da ƙwayoyi biliyan 5 suka tsiro a ciki ta ga rabuwa kusan biliyan 5, kuskure miliyan 5 ke nan, a warwatse kan haruffa miliyan 4.6. Kusan kowane harafi an taɓa shi sau ɗaya a wata ƙwaya. Marasa PriA ba sa kai wannan yawa da sauri, amma ƙararrawar SOS da ba ta yin shiru a jikinsu na sakin folimeras masu ganganci, ta huɗu da ta biyar, kuma ba harafi ɗaya ne kaɗai a dnaC ke iya ba da wannan mafita ba. Sauran aikin LB ya yi shi: ya danne marasa canji, ya buɗe wa mai canji fili. Zaɓen koloni mafi girma ya ƙarasa. Ba a yi sakaci ko ɗaya a wajen tsabta ba. Ƙa'idar da na koyar ce ta yi aiki a inda ba wurinta ba.

Mutum zai ce to me ya hana bakteriya duka su riƙe irin wannan DnaC su huta da ayari? A ganina amsar na cikin abin da aka ɗaure wa DnaA hannu saboda shi. Sili a buɗe yana ko'ina a cikin ƙwaya: a bayan kowace gwafa mai lafiya, a duk inda ake gyara. Mai ɗora zobe ba tambaya zai iya tayar da mota a inda ba wadda ta mutu, a yi kwafin wani yanki sau biyu. A farantin labo wannan ba ya nuna kansa, shi ya sa manyan koloninmu ke sheƙi. Kuma ko a nan ƴancin bai cika ba. Sandler ya nuna cewa a cikin ƙwaya mai rai dnaC809 ba ya ceton wadda aka soke wa priA da priC tare, ko priA da rep. Sai an ƙara masa canji na biyu, wanda aka sa wa suna dnaC809,820. Shi dnaC809 a kwalba yana aiki shi kaɗai, a jiki yana jingine da PriC da Rep.

Inda aka kwana

Ta so ta zubar da manyan, ta ce sun ci mata wata 2. Na hana. Samun iri uku masu asali ɗaya, lafiyayye da mara PriA da mara PriA mai gyararren DnaC, abu ne da wasu ke ɓata watanni suna haɗawa, mu kuwa ya zo mana har gida. Muka sake tsara aikin a kan ukun. Na uku ya zama shaidar da aikin farko ba shi da ita: in mayar da DnaB kan sili ta wata hanya ya isa ya dawo da juriyar UV, to rashin wannan ɗorawa ne ke kashe mara PriA, ba wani aikin daban da furotin ɗin ke yi ba. Ta maimaita gwajin da siprofuloksasin ma, kowane iri daga sabon reno a kan M9, kuma kafin kowane gwaji sai ta ɗiga ɗigo a gilashi ta leƙa madubi ta rubuta a littafi ko taliya ta gani ko sanduna.

Abin da ya sauya a labo kaɗan ne. Makullin kabad ya zama biyu. Duk irin da ya iso ana raba shi a daskarar a firiza biyu da ba gini ɗaya suke ba, ɗaya a nan unguwar Harobanda, ɗaya a hayin kogi wajen wani abokin aiki. A jikin akwatin marasa PriA ta manna takarda da rubutun hannunta, da Faransanci da Hausa: a ɗauki ƙarami. Darasin shekarar farko ma na ƙara masa jimla guda a wajen zaɓen koloni.

Ɗalibin da ke biye da ita ya gaji kwalaben. Aikinsa shi ne ya gwada soke priC a cikin manyan, ta hanyar bairos P1 mai ɗaukar gurbi daga ƙwaya zuwa ƙwaya, a ga ko namu canjin na jingine da PriC kamar dnaC809 ko ya tsaya da ƙafarsa. In faranti ya fito wayam, yana jingine. Mun rubuta wa abokin namu na ƙetare ya aiko da irin da za a ɗauko sokakken priC daga jikinsa, muka roƙe shi ya bari sai damina ta sauka, zafi ya ragu, kafin ya sa shi a hanya.